Ja da Shuɗi

A gidan talabijin kowa Injiniya yake ce mata, har maigadi da mai shara. A gidansu kuwa ba ta wuce Auta ba, duk da ta ba arba'in baya, ga 'ya'ya uku. Shekara goma sha shida ta yi tana kula da tsohuwar na'urar da ke kan dutsen bayan gari, wadda take aika hoto zuwa gidajen mutane tun ita tana firamare. Ta san na'urar nan kamar yunwar cikinta. Ko a waya aka kara mata ƙugin injin, za ta gaya maka ko lafiyarsa ƙalau ko akwai abin da ke damunsa.

Ana nan sai hukuma ta ce zamanin wannan na'ura ya wuce, za a koma tsarin dijital, mai hoto garau wanda har gashin girar mai karanta labarai za ka iya ƙirgawa. Kowane gida sai ya nemi dikoda, wato ɗan akwatin da zai karɓo hoton ya miƙa wa talabijin, in ba haka ba ranar da aka kashe tsohuwar na'ura sai dai mutum ya kalli fuskarsa a baƙin gilashi. Inda gizo ke saƙar shi ne, tsarin ba ɗaya ba ne. Kamfanoni biyu suka zo, kowa da nasa, kuma dikodar wannan ba ta jin yaren wancan ko kalma ɗaya. Dole ƙasa ta zaɓi guda. Sunayen tsarukan dogaye ne, haruffa da lambobi kamar lambar mota, ba mai iya riƙe su. Da yake kamfani ɗaya ya kawo kayan gwajinsa a jan akwati, ɗayan a shuɗi, sai ma'aikata suka huta da wahala, suka riƙa cewa Ja da Shuɗi. Kafin wata ya zagayo har kasuwa haka ake kiransu.

Aka kafa kwamiti, aka ɗora wa Injiniya gwaji. Sati shida ta yi a cikin motar awo, ita da direbanta, wani siririn mutum mai yawan ba'a da ake ce wa Dogo. Sukan tsaya a bakin titi, su ɗaga sandar eriya, ta duba allura ta rubuta, su ƙara gaba. A tsakiyar gari, inda dutsen yake kallonka kana kallonsa, Ja ba shi da na biyu. Amma da suka gangara unguwannin da ke cikin kwari, da waɗanda dogayen benaye suka yi wa inuwa, sai labari ya sha bamban.

Wata Laraba da hantsi suka shiga shagon wani mai aski a can ƙasan kwari. Tsohuwar talabijin ɗinsa tana rataye a kusurwa, hoton yana ta yayyafi, da kyar kake gane mutum ne ko bishiya. Ta roƙe shi aron soket, ta jona Ja. Hoto ya fito tar. Mai aski ya tsaya da almakashi a sama, wanda ake yi wa askin ma ya juyo da rabin kai.

"Kai! Ashe matar nan haka take da kyau? Shekara goma ina kallonta ban sani ba!"

Bai rufe baki ba wata babbar mota ta wuce ta ƙofar shagon. Hoton ya daskare, fuskar matar ta farfashe gida-gida, murya ta ɗauke, allon ya yi baƙi ƙirin. Sai da aka yi kusan minti guda ya dawo, ya sake tafiya. Ta cire, ta jona Shuɗi. Hoton bai kai na farko sheƙi ba, amma motoci uku suka wuce ko gezau bai yi ba.

"Ranki ya daɗe," in ji mai aski, "ni dai in wancan na farkon za ku kawo mana, ku bar mini yayyafina. Ko ban ga fuskar mutum ba ina jin abin da yake faɗa. Wancan kuwa kamar baƙon da zai yi maka sallama ya gudu kafin ka amsa."

Dogo ya yi ta dariya har cikin mota. Ita ba ta yi ba, ta rubuta maganar a gefen takardarta. Da sati shida suka cika, ta haɗa rahoto mai kauri, ƙarshensa layi biyu ne: a wannan ƙasa mai duwatsu da kwaruruka, inda yawancin mutane 'yar eriyar cikin ɗaki suke da shi, Shuɗi ya fi dacewa.

Duk Asabar takan je gaida Mama, kuma duk Asabar takan tarar da Yaya a can. Shi ne babbansu. Lokacin da mahaifinsu ya rasu yana aji biyar na sakandare, ya ajiye littafi ya shiga kasuwa don ƙannensa su ci gaba da karatu, ita ce kuma ta fi kowa nisa. Yanzu yana da shago a layin masu kayan lantarki, fanka da rediyo da dutsen guga da wayoyi, ana ce masa Mai Eriya. Bai taɓa yi mata gori ba, ko sau ɗaya. Wannan ne ma ya sa ba ta iya haɗa ido da shi ta ce a'a.

Ran nan suna zaune a falo, Mama ta shiga ciki ɗauko maganinta, sai ya matso.

"Auta, duk kasuwa maganar ke nan. Ja ko Shuɗi?"

"Yaya, ka san an hana mu magana. Kwamiti ma bai zauna ba."

"Wa ya ce ki yi magana? Ni da na goya ki a bayan keke na kai ki makaranta, ni ne kasuwa? Ba kwamiti na tambaya ba. Ke na tambaya, ke da kika sha rana kina awo."

Ta yi dariya, ta kau da kai. Gajiya ce, ko kuwa ɗan alfaharin wanda ya yi aiki ya san ya yi shi da kyau, ita ma ba ta iya rarrabewa daga baya. Ta ce, "Ni dai ban ce komai ba. Amma a ɗakina ba zan ajiye Ja ba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki kofin shayinsa. Mama ta dawo, aka shiga zancen ciwon gwiwarta. Injiniya ta tafi gida ba ta ma ƙara tuna maganar ba.

Bayan sati uku kwamiti ya zauna a hawa na tara na ginin ma'aikata. Tun da ta shiga ɗakin ta ga matsalar. Tagogin duka suna kallon dutsen, ba ko reshen bishiya a tsakani, kuma kamfanonin biyu kowa ya kafa allo mai faɗin ƙofa. A irin wannan wuri ko cokali ka ɗaga sai ya kama hoto. Aka sa wasan ƙwallo. A allon Ja kana ganin gumi yana gangarowa a wuyan ɗan wasa, kana ganin ciyawa ɗaya-ɗaya. Shugaban kwamiti, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin mulki, mutumin kirki amma bai san jar waya daga baƙa ba, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"To ai gani ya kori ji," in ji shi.

Ta miƙe. "Ranka ya daɗe, abin da ake gani a nan ba shi ake gani a kwari ba. In an yarda, a ɗauki allon nan a sauka da shi unguwar ƙasa, tafiyar minti ashirin ce. Cikin gida goma da na gwada a can, shida ba sa riƙe Ja sai an kafa dogon ƙarfe a kan rufi. Mai haya a ɗaki ɗaya ina zai kafa ƙarfe?"

Sai wakilin ma'aikatar ciniki ya nemi izini. Mutum ne mai sanyin murya, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba shirme ya faɗa ba. Ya ce ƙasashe uku da ke kewaye da su duk sun ɗauki Ja. Ya ce masana'antu abin da ya fi kasuwa suke ƙerawa, nan da shekara biyu duk sabuwar talabijin da za ta shigo da Ja a cikinta za ta zo, dikodarsa kuma za ta yi araha har talaka ya saya. "In muka ɗauki Shuɗi mu kaɗai, mun zama tsibiri. Abu ya lalace ba kayan gyara. Injiniya ta yi aiki, ba wanda ya musa, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Maganar kwari kuma, a kafa musu ƙananan tashoshi daga baya."

"Daga baya yaushe?" ta tambaya.

Daraktanta, wanda ke zaune kusa da ita, ya ja gefen takardarta a hankali, alamar ta zauna. Aka ɗaga hannu. Goma sha ɗaya Ja, biyu Shuɗi, ita da wani malamin jami'a da bai ce uffan ba tun da aka fara. Rahotonta aka ce a liƙa shi a baya a matsayin ƙarin bayani. Shugaba ya ja kunnen kowa: ba za a sanar ba sai nan da kwana goma sha biyu, kuma duk wanda maganar ta fita daga bakinsa ya kuka da kansa. Aka zagayo da takarda, ta sa hannu.

Kwana biyu tana fama da takaicin mutanen kwari, ba ta kawo Yaya a ranta ba sam. Ran na uku Dogo ya ce mata cikin wasa, yana goge gilashin mota, "Injiniya, ashe a gidanku ake rabon Shuɗi ba ki ce in zo in karɓi nawa ba?"

"Wane gida?"

"Shagon Mai Eriya mana. Jiya na wuce, layi har bakin kwata."

Ba ta koma ofis ba. Ta tari tasi ta nufi kasuwa.

Tun daga bakin layin ta hango wani ƙyalle rataye a saman ƙofar shagon. Fari ne, an rubuta da shuɗin fenti: SAYI NAKA KAFIN YA YI TSADA. SHI ZA A ZAƁA, DAGA MAJIYA MAI TUSHE. Shagon da ta sani da fankoki a rataye yanzu kwalaye ne tun daga ƙasa har silin, an bar 'yar hanya da mutum ɗaya zai bi. Yaya yana tsakiya, hula a ƙeya, yana miƙa kaya da hannu biyu. Da ya gan ta fuskarsa ta washe.

"Ga ta nan! Ku matsa mata, mai abin ce da kanta!"

Mutane suka juyo suna kallonta da girmamawa. Wata tsohuwa mai tabarau, rungume da kwali, ta kamo hannunta. Sai da ta duba da kyau ta gane malamarsu ce ta aji huɗu, wadda ta fara koya mata lissafin raba-dai-dai.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni da na ce ba zan saya ba sai an sanar, ɗan abin da nake samu ba ya son kuskure. Da na ji ke kika yi gwajin na ce shi ke nan, yarinyar nan ko a aji ba ta rubuta amsa sai ta tabbatar."

Injiniya ta buɗe baki. Ga malama, ga mutum kusan ashirin sun kasa kunne, ga takardar da ta sa wa hannu kwana uku da suka wuce. Abin da ya fito shi ne, "Amin, Malama. Ya jikin?" Tana tsaye tana kallo tsohuwar ta saɓa kwalin ta fita, tana takawa a hankali saboda kwatar bakin shago.

Sai da azahar ta yi, jama'a suka ragu, ta ja Yaya zuwa ɗan ɗakin ajiya na bayan shago. Nan ma kwalaye ne, ko wurin zama babu, ga zafi kamar tanda.

"Yaya, me ka yi haka?"

"Me na yi? Abin da kika ce. Mota na sayar, filin nan na bayan makaranta ma na sallama. Kwantena guda na yi oda, ni da wani abokina. Wannan karon, Auta, mun fita daga sayar da batir."

"Ni ban ce ka saya ba."

"Kin ce ba za ki ajiye Ja a ɗakinki ba. Yaro ne ni da sai an tauna an ba ni?"

Ta jingina da kwalayen. Ta san in ta faɗa ta karya alkawari karo na biyu, wannan karon kuma da saninta. In ta yi shiru, gobe wata malamar za ta zo. Ta ce, "Ja aka zaɓa."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba. Ya cire hular ya riƙe a hannu. Ta ga yadda gashinsa ya yi fari a tsakiya, ba ta taɓa lura ba.

"Ke fa kika gwada."

"Ni na gwada. Ba ni na zaɓa ba."

"To waɗannan fa? Ba za a iya juya su ba? Ke injiniya ce, a buɗe a canja wani abu."

"Ba a juya su, Yaya. Abin a cikin ƙwaƙwalwarsu yake. Ranar da aka kunna Ja, waɗannan ko fitila ba su kai ba."

Sai muryarsa ta canja, ta koma irin wadda yake ciniki da ita.

"Yaushe za a sanar?"

"Saura kwana tara."

"Kwana tara ai da yawa. In na rage farashi, na aika wasu garuruwa, rabi zai tafi."

"Yaya!"

"Kar ki yi mini ihu a shagona."

"Ba don haka na gaya maka ba! Na gaya maka don ka daina. Ka san ba sa aiki, ka miƙa wa mutum, ya yi maka godiya? Jiya ba ka sani ba, Allah ma ya san ba ka sani ba. Yau ka sani."

"Ke albashinki yana zuwa ko Ja ko Shuɗi ko ruwan ɗorawa. Ni 'ya'ya bakwai ne a wuyana. Ke kika jefa ni rijiya, yanzu kin leƙo kina gaya mini kar in taka kan kowa wajen fitowa?"

Tun da take bai taɓa yi mata magana irin wannan ba. Ta ce, "Ni na yi kuskure, na yarda. Amma in ka sayar da ko guda ɗaya daga yau, wannan naka ne."

"Na ji. Ga hanya nan."

Ta fita ta tsakanin kwalaye, gefen mayafinta ya maƙale a wani, ta fizge har ya yage.

Washegari aka sauke ƙyallen, amma shago bai rufe ba. Matar Yaya ce take kiranta a ɓoye tana gaya mata. Kwana uku yana sayarwa, ba ya kallon idon mai saye, ba ya tayi, in an miƙo ya karɓa. Injiniya ta yi kwanakin nan kamar mai zazzaɓi. A ofis ta zuba wa taswira ido ba ta ganin komai. Sau biyu tana ɗaukar waya za ta kira Darakta ta ce a gaggauta sanarwa, sau biyu tana ajiyewa, don tambayar farko da zai yi ita ce me ya sa. Mijinta ya ce ta bar mutum da halinsa, ba ita ta haife shi ba. Ta ce ai Yaya ne ya rene ta, magana ta mutu a nan.

Ran na huɗu matar Yaya ta kira da rana tsaka. Ta ce ya dawo gida tun kafin azahar, ya kulle shago, ya shiga ɗaki bai ci abinci ba. Wai wani maƙwabcinsu mai gyaran takalmi ne ya zo ya sayi biyu, ɗaya nasa ɗaya na mahaifiyarsa da ke ƙauye, ya tsaya a bakin shago ya ɗaga hannu yana yi wa Yaya addu'a, yana cewa samun irinsa a unguwa rahama ne. Yaya ya bi shi har bakin titi ya karɓe kwalayen, ya mayar masa da kuɗinsa, ya ce masu matsala ne, ya dawo ya ja ƙofa.

Da aka yi sanarwa, layin masu lantarki ya cika kamar ana rabon gado. Masu kwali a ka, masu kwali a hammata, wasu da zagi, wasu da kuka. Yaya bai gudu ba. Ya buɗe shago, ya tsaya a ƙofa, duk wanda ya miƙo shuɗin kwali sai ya ce ya duba abin da ya yi masa a cikin sauran kaya. Wannan ya ɗauki fanka, wancan rediyo, wata ta tafi da dutsen guga biyu tana cewa ko ba komai ta yi wa 'yarta ajiya. Kafin sati ya ƙare ba abin da ya saura a shagon sai kwalayen da ba mai so, har kujerar da yake zama wani ya ɗauke. Waɗanda suka zo a makare ba su sami komai ba, su ne kuma har yau ba sa amsa sallamarsa. Abokin da suka yi oda tare ya bar garin.

Malama ba ta dawo da nata ba. Injiniya ta sayi dikodar Ja ta kai mata har gida. Tsohuwar ta karɓa, ta yi godiya, ta kawo mata ruwa, suka yi hirar 'yan ajinsu da waɗanda suka rasu. Ba ta tambaye ta komai ba. Da a ce ta zage ta ma da ta fi samun sauƙi.

A wurin aiki kuwa wani ya ɗauki hoton ƙyallen nan tun yana rataye, hoton ya zaga har ya isa teburin Darakta. Ya kira ta, ya rufe ƙofa, ya juyo mata da wayarsa.

"Majiya mai tushe. Shagon yayanki ne?"

"Nasa ne, Yallaɓai."

"Ke ce majiyar?"

"Ni ce." Ta gaya masa maganar falon Mama. Bai tambayi ta biyun ba, don bai san da ita ba, amma ta gaya masa ita ma, har da kwana ukun da aka yi ana sayarwa.

Ya dafe kai. "Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Rahotonki gaskiya ne. Da ina da niyyar in riƙa ɗaga shi a kowane zama har a kafa wa kwari tashoshin nan. Yanzu duk wanda na nuna wa zai ce rahoton mai shagon Shuɗi ne. Kin ba su sandar dukanki, kin haɗa da mutanen kwari."

Wannan ba ta zo mata a rai ba sai da ya faɗa.

Ba a kore ta ba. An cire ta daga duk abin da ya shafi sabon tsari, aka miƙa aikinta ga wani yaro da ta koya wa riƙon na'urar awo. Ita aka ce ta koma ofishin karɓar ƙorafi da za a buɗe. Sai dai ranar kashe tsohuwar na'ura, bayan wata takwas, dole aka nemo ta, don ba wanda ya san jerin makunnan sai ita, kuma in aka kashe su a hargitse wuta na iya tashi. Ƙarfe goma sha biyu na rana, manya suna tsaye da masu ɗaukar hoto, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙugin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya. Aka yi tafi. Ta goge hannunta da tsumma ta sauko daga dutsen kafin a fara jawabi.

Tana isa sabon ofishinta, ɗaki mai tebur biyu da waya uku a ƙarshen baranda, ta tarar duka ukun suna ƙara. Daga tsakiyar gari masu kira ba su da yawa, su ma yawanci ba su iya jona waya ba ne. Sauran duk daga kwari. Wani ya ce ya sayi Ja kamar yadda aka ce, ga shi allo baƙi. Wata ta ce hoton yana zuwa ya tsaya da bakin mutum a buɗe. Wani tsoho ya ce shi ba ya son hoto mai kyau, a mayar masa da nasa na da. Ta riƙa rubuta unguwa da layi, tana cewa a yi haƙuri, a gwada ɗaga eriya, tana sane da cewa a yawancin gidajen ko sama aka kai ta ba za ta kama ba.

Mama ta gaji da ganin 'ya'yanta suna kauce wa juna, ɗaya ya zo Asabar ɗaya Lahadi. Ta aika wa kowa cewa jikinta ya motsa, suka zo a rana ɗaya suka same ta garau tana tsintar wake. Ta zaunar da su a falo, ta kunna sabuwar talabijin da jikokinta suka jona mata. Gidan yana kan tudu, hoto tar.

"Wai wannan ne abin da ya raba ku?" in ji ta. "Ni ban ga abin da ya ƙaru ba sai ƙurajen fuskar mai labarai. Da can yaron nan kyakkyawa ne."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya rame, yanzu a teburin wani yake tsayawa yana gyaran rimot da caja. Ya tambaye ta yara, ta ce lafiya. Ta tambaye shi kasuwa, ya ce da godiya. Da ya tashi tafiya ta raka shi zaure.

"Yaya, ka yafe mini."

Ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa. "Ni ma na faɗa miki abin da bai kamata ba. Ya wuce." Ya sa takalmin. "Amma kwana ukun nan, Auta, su ne ba sa barina. Mutum talatin da wani abu. Wasu ban ma san daga ina suka zo ba."

Ya fita, ta ji yana gaisawa da wani a waje da muryar da ba ta kai tasa ta da ba.

Ran Litinin ta manna taswirar gari a bangon ofis, ta riƙa soka ƙusa a duk layin da aka kira daga shi. Kafin wata biyu gefen kwari ya cika har ƙusoshi suna hawa kan juna. Ta rubuta takardar neman ƙananan tashoshi uku, ta kai wa Darakta, ta ce ya cire sunanta ya sa na duk wanda za a saurara. Ya karanta, ya ce zai gwada, amma kar ta sa rai a bana. Ta dawo ta tarar waya tana ƙara. Wata mata ce daga layin bayan asibiti, tana cewa mijinta kwance yake shekara biyu ba ya fita, talabijin ce abokiyar hirarsa, yau sati bakwai ke nan yana kallon bango. Injiniya ta jawo takarda, ta ce ta faɗa mata lambar gidan a hankali, da kuma ko rufin nasu na kwano ne ko na siminti, don ta san yadda za a kafa ƙarfen eriya.